Mai Surutu a Gefen Hagu

Ni na fara sanin tsohon nan. Wannan ko Falwaya da kansa ba zai musa ba. Ni na yi shekara guda ina jan sa a mota kafin korona ta shigo, ni na san yadda yake son shayinsa, ni na kwana wata huɗu a tsakiyar kwalayen kaset ɗinsa. Falwaya kuwa da ƙafata na kai shi gidan. Abin da ya fi cin raina ke nan har yau.

Falwaya abokina ne. Ni na laƙaba masa sunan tun muna yara, don dogo ne, kuma in ya tsaya wuri sai ka ce dasa shi aka yi. Layinmu ɗaya a Zariya, jirgi ɗaya ya kawo mu Doha, ɗaki ɗaya aka ba mu a Sana'iyya, unguwar ma'aikata, gadonsa a sama nawa a ƙasa. Shi gadi ya samu, yini guda a tsaye a ƙofar wani babban kanti. Ni tuƙi. Da ni aka ba gadin nan da tuni kafil, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya mayar da ni gida, don ni tsayuwa wuri ɗaya ba na iyawa, zama ma haka. Rashin zaman nan ne ya fitar da ni daga makaranta ina aji biyu a sakandare. Na yi acaɓa, na yi wankin mota, na yi shekara biyu ina tura wa mutane waƙa a waya a bakin kasuwa. Saboda wannan na ƙarshen, ni a ganina in dai maganar kiɗa ce ba mai koya mini komai.

Tsohon Bature ne, injiniya, kamfaninmu ya ba ni shi in riƙa kai shi aiki. A unguwar Al-Sadd yake zaune, hawa na shida, shi kaɗai. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Ranar da aka rufe Sana'iyya saboda cutar ina waje tare da shi. Falwaya ya kira ni ya ce, “Kada ka dawo fa. Sun sa shinge, wanda ya shiga ba fita.” Na gaya wa Baba. Ya gyara takunkuminsa, ya ce akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da kicin, in dai zan iya kwana da kwalaye.

Kwalayen nan duk kaset ne. Ba irin na kanti mai hoto ba. Kowanne da farar takarda a jiki, an yi rubutu da biro. Baba ya ce kiɗan rok ne na zamanin samartakarsu, amma ba kamfani ya ɗauka ba. 'Yan kallo ne. Mutum zai ɓoye rikoda a cikin riga, ya shiga cikin taro, ya ɗauki wasan daga inda yake tsaye. In ya dawo gida sai ya rubuta sunan garin, da ranar, da sunansa, da wurin da ya tsaya, da duk wani aibu da ya shiga ciki. Daga nan ya kwafa ya aika wa wani a wata ƙasa, shi ma wancan ya aiko masa da nasa.

Na ce, “Baba, nawa ake sayar da ɗaya?”

Ya kalle ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce ba a sayarwa. Musaya ake yi. Wanda ya sayar, kowa ya daina aika masa.

Tunda ba fita, sai ya ce bari mu juye su cikin kwamfuta kafin su lalace. Aikin ba ya gaggautuwa. Kaset ɗin awa ɗaya da rabi sai ka ba shi awa ɗaya da rabinsa. Ni ne mai juyawa in gefe ɗaya ya ƙare. Satin farko ban ji komai ba sai hayaniya, kamar an kunna janareto a cikin kasuwa. Sai wata rana da hantsi na sa wani kaset. Da farko ba kiɗa, mutane ne kawai, dubbai, suna buga ƙafa. Wani ya yar da kwalba kusa da rikodar, ka ji tana gangarawa. Wata mata ta yi dariya. Sai duk suka yi tsit na ɗan lokaci kaɗan, daga nan jita ta shigo ita kaɗai, a hankali, sannan ganguna suka faɗo mata a kai. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Na ji kamar ni ne a tsaye a wurin, a garin da ban taɓa jin sunansa ba, tun kafin a haifi babana ma wataƙila. Na mayar da shi farko sau uku a ranar.

Daga nan na zama ɗan gida. In ina goge falo da wannan kaset ɗin nake yi, ina tsalle da tsinken mofa kamar jita. Baba yana dariya har yana tari. Ya ce, “Kai da kai ka shiga da rikoda, ba abin da za a ji sai ƙafarka.”

A nan ya gaya mini ƙa'idar abin. Mai ɗauka yana maƙala makirfo biyu ƙanana a hularsa, ɗaya dama ɗaya hagu. In ya juya kai, sautin duk ya juya. Don haka ba ya tafi, ba ya bin waƙa, ba ya waige, ko an taka shi. Kowa ya je jin daɗi, shi ya je tsayuwa. Ƙa'ida ta biyu kuma, abin da ya shiga ya shiga. Ba a yankewa. In wani ya yi tari, in batir ya mutu, rubutawa ake yi a takarda don na gaba ya sani.

Ya nuna mini kaset ɗin da shi da kansa ya ɗauka, da sunansa a jiki. Ya fito da wata rikoda ta zamani, ƙarama, ba ta kai waya ba, a cikin jakar fata. Ya ce ƙafafunsa sun daina tsayuwa, kunnensa ma ya fara tafiya. In zai bar ƙasar nan, zai bar wa wanda zai yi aiki da ita.

Mu biyu ne kawai a gidan lokacin. Wa zai bar wa? Tun daga ranar ni nake goge mata ƙura. Ina kwance ina hango farar takarda da sunana a jiki, tana yawo ƙasashe, wani Bature yana ƙoƙarin karanta shi yana kasawa.

Da aka buɗe Sana'iyya na koma na tarar da Falwaya ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Tausayinsa ya kama ni. Na ce ranar Juma'a ya zo mu je gidan Baba ya ci abinci mai kyau. Gaskiya kuma ina so ya ga yadda na zama. Bayan mun ci na sa masa kaset ɗina, na ƙure murya, ina yi masa bayani kamar ni na ɗauka.

Ya zauna a bakin kujera, hannu a gwiwa, har aka gama. Sai ya ce, “Mawaƙin nan mura ta kama shi a tsakiya ne? Muryarsa ta ƙarshe ta fi ta farko siranta. Kuma kamar sauri suke yi.”

Na yi dariya, na fassara wa Baba don shi ma ya yi dariya. Bai yi ba. Ya tashi ya sa abin kunne, ya saurari farko, ya saurari ƙarshe, ya sake. Ya ce batirin wanda ya ɗauka ne ya yi sanyi a rabin wasan, shi ya sa yanzu rabin ƙarshe yake gudu. Shekara da shekaru kaset ɗin yana hannunsa bai lura ba. Ni na ji shi ya fi sau ashirin. Baba ya cire tabarau ya kalli Falwaya. Irin wannan kallon bai taɓa yi mini shi ba.

Daga nan Juma'a ta zama ta Falwaya. Shi ne a gaban kwamfuta da abin kunne, in ya ji wurin da kaset ya ja ko ya yi gudu sai ya ɗaga yatsa, Baba ya tsayar ya gyara. Ni ina kicin ina dafa musu shayin karak mai madara. Ina jin su ta ƙofa, da guntun Turancin Falwaya da bai kai rabin nawa ba, suna fahimtar juna.

Lokacin kamfani ya mayar da masaukinmu Al-Wukair, can bayan gari, tafiyar bas ta ƙara tsawo. A hanya nake sauke masa.

“Malam Falwaya, injiniyan sauti. A ba mu labari mana, me jita ta ce yau?”

“Kai dai ka faye tsiya.”

“To faɗi sunan mawaƙi ɗaya. Ɗaya tak.”

“Ban sani ba. Ni fa kiɗan nan bai dame ni ba, ciwon kai ma yake sa ni. Mutanen ciki nake saurare. Akwai wani yau da yake ta neman ƙanensa, yana kiran sunansa har aka tashi. Ko ya gan shi?”

Ka ji fa. Abin da nake mutuwar so, shi ciwon kai yake sa shi, kuma shi ne gwani. Da yana yi mini gori ma da sauƙi, da na samu abin kamawa. Ba ya yi. In na yi fushi sai ya miƙo mini dabino.

Haka muka tafi har gasar cin kofin duniya ta zo. Gari ya cika, ko'ina tuta, ko'ina yare. Baba ya ce ana gama gasar aikinsa ya ƙare, gida zai koma. Sai ga shi an sa wasan kiɗa a bakin teku, inda ake tara 'yan kallo, bayan la'asar. Wasu dattawa ne 'yan Filifin da ke kiɗa a otal-otal, tsofaffin waƙoƙin nan na cikin kaset suke yi. Baba ya ce ba su ne masu waƙoƙin na asali ba, amma ba komai, yana so a ce cikin kwalayensa akwai guda ɗaya da aka rubuta Doha a jiki.

Na ce, “Baba, ni zan ɗauka.”

Ya ce za a gani.

Sati guda ina koyon tsayuwa. In na ajiye shi a ofis sai in fito in tsaya a jikin mota, in ɗora kwalin ashana a ka. Ko minti goma ban taɓa kaiwa ba. Ko ƙuda ya zo, ko wata mota ta burge ni, ko kawai in ji ƙafata ta fara kaɗawa ita kaɗai. Amma na ce in ranar ta zo zan daure.

Ranar ta zo. A wurin ajiye motoci Baba ya fito da hular hana sallah da ya riga ya maƙala wa makirfon. Na miƙa hannu. Ya wuce hannuna ya ɗora ta a kan Falwaya, sai da ya yi ɗage kafin ya kai. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce ni aikina ya fi muhimmanci: in tsaya a gefensa in tare masu turawa.

Ni direba, an mayar da ni mai gadin mai gadi.

Baba ya samu benci can baya ya zauna da sandarsa. Mu muka kutsa tsakiya, daidai saitin lasifikoki, inda ya ce sauti ya fi haɗuwa. Falwaya ya sa hannu a aljihu ya danna, ya ɗaga kai, ya daskare. Na tsaya a hagunsa. Waƙar farko na yi aikina, har na tare wani ƙato mai fenti a fuska da ya taho zai faɗa masa.

Waƙa ta biyu, jita ta shigo ita kaɗai, a hankali. Tawa ce. Wadda ke cikin kaset ɗin nan mai kwalba. Karo na farko a rayuwata da na ji ta daga hannun mutum mai rai, iskar teku tana kaɗawa, mutane suna ihu. Na juya in ga ko shi ma ya ji abin da na ji. Fuskarsa tana nan kamar yana ƙofar kanti yana jiran a tashi aiki.

Ban shirya ba, Allah ya sani. Na dai ga bakina kusa da hular, daidai ɗan baƙin makirfon nan na hagu, na fara magana.

“Sannu da aiki, injiniya. Ka san sunan waƙar nan? Ba ka sani ba. Wa ya kawo ka gidan? Waye ya ba ka takalmin da ka je intabiyu da shi?”

Bai motsa ba. Ba zai iya ba, na kuma san ba zai iya ba. In ya waiwayo ya ɓata, in ya amsa ya ɓata, in ya kashe ya ɓata. An ɗaure mini shi an ajiye. Sai na ci gaba. Na tono na firamare, yadda aka ba shi monita alhali ni na fi shi karatu. Na tono yadda innata take cewa in yi koyi da shi. Na ce a ɗakinmu ma kowa shi yake ba ajiyar makulli, kamar mu sauran ɓarayi ne. Na kwaikwayi Turancinsa. Waƙa ta uku ta wuce, ta huɗu ta wuce. Zagin ya ƙare amma bakina bai tsaya ba, sai na ji ina faɗin abin da ban yi niyya ba. Na ce wata huɗu ina juya kaset ɗin nan kana can kana barci. Na ce abu ɗaya na taɓa so na zauna a kansa ban gudu ba, shi ma sai da ka zo. Na ce ko sau ɗaya tsohon nan bai cire tabarau ya kalle ni ba.

Jijiyar wuyansa kawai nake gani tana motsi. Gumi yana gangaro masa ta bayan kunne bai share ba.

Da aka gama, mutane suna tafi, ya jira har tafin ya mutu kamar yadda Baba ya koya masa. Sannan ya danna, ya cire hular, ya kalle ni.

“Ka gama?”

Na kau da kai.

Ya ce, “To yalla, mu tafi, magariba ta yi. Mu nemi wurin alwala.”

Washegari muka je Al-Sadd. Baba ya sa abin kunne, ya rufe ido. Ni ina tsaye a ƙofar kicin, ban ma dafa shayin ba. Na ga lokacin da aka zo waƙa ta biyu, don girarsa ta ɗaga. Na jira ya tsayar. Bai tsayar ba, ya saurara har ƙarshe, awa guda da wani abu.

Ya cire ya ce ya ji masu surutu da yawa a rayuwarsa. Akwai mashaya, akwai masu faɗa da budurwa, akwai masu neman wurin fitsari. Duk da mutanen kusa da su suke magana. Wannan kuwa bakinsa a kan makirfon yake. Ya juya ga Falwaya ya ce, “Me yake cewa?”

Falwaya ya ce, “Baba, maganar gida ce.”

Baba bai matsa ba. Falwaya ya ce ko akwai yadda za a yi a kashe gefen hagu, a bar na dama kawai. Har a lokacin rufa mini asiri yake yi, kuma wallahi wannan ma haushi ya ba ni. Baba ya ce a'a. Abin da ya shiga ya shiga.

Ya ɗauko farar takarda da biro. Ya rubuta Doha. Ya rubuta ranar. A wurin wanda ya ɗauka ya sa Falwaya ya faɗa masa cikakken sunansa, harafi bayan harafi. Ya rubuta tsakiya, saitin lasifika. A layin aibu ya rubuta, yana karantawa a fili: mai surutu a gefen hagu, daga waƙa ta biyu har ƙarshe. Sai ya tsayar da biron, ya cire tabarau, ya kalle ni.

“Kana so in sa sunanka?”

Shekara biyu ina jiran tambayar nan. Na ce, “A'a, Baba. Bar shi haka.”

Ni na kai shi filin jirgi. Rikodar Falwaya ya bar wa. Ni ya ba ni kaset ɗin nan mai kwalba, na asali, da takardarsa da ta yi ja, ya ce an gyara gudunsa a kwamfuta amma ya san ni mai gudun na fi so. Ya rungume ni. Na yi masa godiya, kuma da gaske nake yi, amma idona yana kan aljihun Falwaya.

Bayan wasu watanni Baba ya turo saƙo cewa na Doha ya shiga hannun mutane. Wani daga wata ƙasa mai sanyi ya tambaya wane yare ne mutumin hagu yake yi, wai ya saurara sau biyu saboda shi. Falwaya ya karanta mini, ya ajiye wayar. Har yau bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Ya ɗauki wasa uku tun daga lokacin, har da na wasu 'yan Sudan masu ganguna. Rikodar tana cikin akwatinsa, saman kaina nake kwana da ita. Wani lokaci yakan ce, “Ɗauki mana ka gwada, ai tamu ce.” In ce masa shi ke nan, na bar wa injiniyoyi.

Amma ina da na Doha a wayata. In na ajiye sabon maigidana ina jira a mota, nakan sa abin kunne. Da farko muryata nake bi, ina jin kunya tana cin fuskata. Yanzu na daina jin ta sosai. Bayanta nake saurare. Jita tana tsakiya, ganguna suna ɗan dama, kuma daga farko har ƙarshe ba su gusa ba ko kaɗan. Na nemi wuri ɗaya da sautin ya karkata, wurin da na ambaci innata, ko wurin takalmin, in ce to a nan ya kusa waiwayowa. Na nema ya fi sau ashirin. Babu.